Gaggafa a Rumfar Barmo

Ranar kasuwar Jega, rana ta take,
Baba Tunau ya shigo rumfata riƙe da waya,
gilashinta a tsattsage kamar fadama a bazara.
Ya ce, "Barmo, ɗinka mini wagga.
Tutar ƙasar da Lawwali ka buga ƙwallo ce.
Sabiya. Can inda ruwa ke sandarewa a kofi."

Na auna da ido: ja, shuɗi, fari.
Na ce wannan ai aikin kafin la'asar ne.
Keke ya yi kukansa, na yanke zare da haƙori,
na miƙa masa tun mai fura ba ta wuce ba.

Ya rataya ta a zaure, ya aika hoto.
Amsa ta dawo cike da dariya:
"Baba, kun kifa ta! Fari a sama ai ta Rasha ce.
Tamu ja ne a bisa.
Kuma ina gaggafar?"

Tamu, in ji shi.
Tsoho ya daɗe yana tauna kalmar nan
kamar goron da ƙwaro ya riga shi.

Washegari muka zauna, wayar a tsakaninmu,
yaro na magana, tururi na fita bakinsa.
Ya ce tsohuwar da yake haya a gidanta
ta ce ja jini ne, na waɗanda suka faɗi
a ɗaruruwan shekarun da Turkawa suka riƙe ƙasar.
Shuɗi sama ce, wadda ba a yi mata shinge.
Fari kuwa nonon uwa.
Ya ce an taɓa ɗinka jan tauraro a tsakiya,
zamani ya juya, aka farke shi,
kambin sarauta ya dawo ya zauna
ko da yake babu sarkin da zai sa.

Ni abin da na ji daban ne.
Na ji wani tela irina, can cikin sanyi,
da reza a hannu, yana bin bakin tauraro
ɗinki bayan ɗinki.
Mu mun sani: kome iya farkarka,
allura ba ta mayar da raminta.
Ɗaga yadin ga haske, za ka ga inda aka taɓa.

Na faɗaɗa hoton da yatsu biyu.
Tsuntsu guda, kai biyu, kowane na duban nasa gefe,
kamar Jega ranar zaɓe.
A ƙirjinsa gicciye, da ƙarafa huɗu masu lanƙwasa.
Na ce, tsaya, wannan na san shi!
Ƙyastu ne, irin na kakana,
da yake ajiyewa a jakar fata tare da auduga.
Ashe su ma da dutse suka fara neman wuta.
Lawwali ya ce suna karanta su kamar haruffa,
wai haɗin kai kaɗai ke cetonsu.
Baba Tunau ya ce, "Wanda bai sha rabuwa ba
ba ya rubuta haka a ƙirji."

A kan gicciyen ya yi shiru.
Ya murza carbi, ya dubi titi.
Can ya ce, "Ɗinka yadda masu ita suka yi.
Ba a gyara wa mai masauki fuska."

Kwana huɗu na yi a kan tsuntsun.
Yarana sun ce ta fi kama da zabuwa.
Ban musa ba.

Yanzu tana zaure, ja a bisa,
kusa da kore-fari-kore da rana ta koɗe.
Jiya na kai cikon canji,
na tarar da Gwamma, uwar yaron, ita kaɗai,
ta kama gefen farin nan da yatsu
tana murzawa, kamar mai taya yadi.
Ban yi sallama ba. Na koma.