Akwatin Kawu Tanimu

Kawu bai bar mini gona ba,
bai bar rumfa a Taminus ba,
sai akwatin kwano mai tsatsa a baki
da faifan garmaho arba'in da bakwai,
waɗanda wani Baturen kuza ya ba shi a Bukuru
a bakin albashin wata biyu.

Ɗakina a Gangare bai fi tabarma uku ba.
Uwani ta ce, "Ɗauki goma,
sauran ka kai Katako."

Duk mutum ɗaya ne a ciki,
makaɗin fiyano mai suna mai sarƙe harshe.
A hoto ga kunnuwa fato-fato,
ga hannu irin na masassaƙin turmi.
Ƙasa ta rufe shi tun ban zo duniya ba.

Na aika wa Kachollom,
mai kaɗa ogan a wani coci a Dogon Dutse.
Ta zo da laima, ruwan Agusta na jifan kwano.
Ta ce, "Rabu da bangon. Kunne ke ciniki yau."

Muka ɗora allura.
Ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suyar gyaɗa,
sai yatsu suka ɓullo daga cikin suyar a guje.
Saurayi ne a lokacin,
yana gudu kamar mai bashi ya biyo shi.
Ta ce, "Ya iya. Bai dai san me yake faɗa ba tukuna."
Muka tura shi hagu.

Na biyu sumul, tsaf,
ba tari, ba tuntuɓe,
falon da ba a barin yara su shiga.
Na yi hamma, ta yi dariya.
Hagu.

Har la'asar muna yi.
Shayi ya huce sau biyu.

Can ƙasa, ƙarƙashin tsohuwar jarida,
ga wani da allura ta cinye har ya yi furfura.
Kiɗan nan dai na farko,
shekara talatin a tsakani.
A gaban jama'a aka ɗauka:
wani yana tari, kujera ta yi ƙara,
hannun hagu ya zame ya taka maƙwabci,
tsohon bai waiwaya ba.
Ya tafi a hankali
kamar mai sauka daga dutsen Shere da tulu a ka,
ya isa wani wuri ya tsaya.

Tsayuwar numfashi ɗaya ce.
A cikinta na ji ruwa na sauka a indararo,
na ji tsoron kada ya ƙi dawowa.

Ya dawo.

Uwani na bakin ƙofa da ludayi a hannu,
miya na ɗiga bisa silifas ɗinta.
Ta ce, "Wannan kam a bar shi."

Na juya bangon.
A kusurwa, da fensir, cikin ajami,
rubutun Kawu mai karkata:
wannan.

Guda huɗu muka ware a ƙarshe.
Kachollom ta tafi da shida cikin zanenta,
wai aro.