Digiri Uku

Ruwan daren jiya bai gama tsanewa a Ikeja ba
na tarar da ƙaramin jirgin a rumfa, fiffikensa na ɗiga.
Kyaftin Adunni ta maƙale mini takarda a jikin gilas:
"Allona ya ce talatin da huɗu,
hasumiya ta ce talatin da ɗaya.
Malam Barau, wa ke ƙarya?"

Ɗan tsinke ne, bai kai yatsa ba,
ya leƙo daga ƙarƙashin fiffike,
harshen da jirgi ke lasar iska da shi.
Abin da ya ɗanɗana shi yake kai wa allo,
allo kuwa ba ya musu,
duk abin da aka gaya masa a kai yake rantsuwa.

Na aiki Ɗanjuma Mafoluku neman ƙanƙara.
Ya daɗe. An ɗauke wuta tun asuba,
sai gun Iya Rasaki mai janareto ya samo,
ta ɗora masa ɗari biyu a kai,
wai ƙanƙarar jirgi ba ta zoɓo ba ce.

Muka daka ta, muka ɗura a fulas,
ruwa kaɗan, na motsa,
na tsoma tsinken har wuya.
Sai jira.
Ƙanƙara mai narkewa ba ta san Legas ba,
ba ta san Kano ba,
ko'ina ka tambaye ta sifiri za ta ce.

Allo ya ce uku.

Nan babana ya faɗo mini a rai,
shekara talatin yana awon wake a kasuwar Agege.
Ran da mudunsa ya loɓa a gindi
bai sayar da ko ƙwara ba,
ya wuni gun maƙeri ana bubbugawa.
Ya ce da ni: mudu ba ya zuwa lahira,
mai mudu ne zai je.

Na shiga cikin allon, shafi bayan shafi,
na debe ukun nan, na adana.
Na sake gwaji da ruwan ɗumi,
ma'aunin hannuna arba'in, allo arba'in.
Ɗanjuma ya ce, duk zufar nan don digiri uku?

Na ce, yaro, can cikin hadarin da ke haɗuwa bisa teku,
tsakanin uku da sifiri
ƙanƙara ke kama fiffike ba sallama.
Mace tana zaune, mutum biyar a bayanta,
ba ta da taga da za ta miƙa hannu ta ji.
Lambar nan ce fatarta.

Na sa hannu a littafi, na rubuta kwanan wata.
Ragowar ƙanƙarar Ɗanjuma ya juye a kofi,
ya shanye kafin a kira azahar.