Idon Sawu

Shekara ashirin da biyu ina hawan kwakwa a Ben Tre,
igiya a idon sawu, yadda ubana ya koya mini.
Ranar da ta tsinke ban ji zafi ba.
Na ji faɗuwar kwakwa biyu, sannan tawa.

Ƙafafu, kowa ya gani, kowa ya yi jaje.
Mafitsara fa, wa zai yi maka jajenta?
Ta zama randar da ba ta san ta cika ba,
sai ta tsiyaye ana tsakar cin shinkafa
gaban surukin da ya kawo kifi daga Can Tho.

Nhan ta zama agogo saboda ni.
Duk bayan awa huɗu: roba, ruwan ɗumi, sabulu,
fuskarta a taga tana ƙirga kwale-kwale
don kada in ga ta gani.

Likita Thuc, wadda tabarau ya fi ƙarfin fuskarta,
ta zana mini a bayan takardar magani:
ga laka, ga inda gada ta karye,
saƙo ya zo ya tarar ba hanya.
Amma akwai jijiyar da ke bi ta idon sawu,
ta haura, ta shiga gida ta ƙofar baya.
Daga nan za mu ƙwanƙwasa, in ji ta. Ban yi alkawari ba.

Allura kamar silin gashi, 'yar na'ura mai batir,
rabin awa duk Talata.
Babban yatsana ya lanƙwashe shi kaɗai,
na dube shi kamar baƙon da na taɓa sani.
Daidai inda ta soka
kantar igiya na nan, ba ta goge ba.

Mako na uku, shiru.
Na biyar, na ce asarar kuɗin mota ce.
Na tara, da asuba, Nhan ta shafa shimfiɗa,
ta sake shafawa, ta kunna fitila.
Ba ta ce uffan ba. Ta fita ɗora shayi,
na jiyo tana yi wa agwagi faɗa da wata murya
da na yi damina biyu ban ji ba.

Roba na nan, keken ma na nan.
Wani daren a bushe, wani a'a.
Amma jiya na zauna bikin maƙwabci har aka watse,
na sha ruwan kwakwar da wani yaro ya tsinko.
Na kalli ƙafarsa, na ce ya sake igiya.