Ƙashi Ɗaya, Suna Uku

A bakin kogin Váh nake aiki,
hawa na uku, tagata na kallon layin haɗa motoci.
Ranar da na fara, Drahoslava ta shimfiɗa takarda,
ta ja jan layi daga tayar gaba
zuwa inda ƙafar direba ke taka birki.
Ta ce, "Nan ba gonarka ba ce, Vratko.
Ko faɗin farce kada ka gusar.
Injin da ke matse ƙarfen nan ya fi garinmu tsada."

Sai aka bar mini fuska.
Fitilu, da goshi, da laɓɓan gaba,
da ƙarar da ƙofa za ta yi idan an rufe ta.
Wata uku na yi ina neman ƙarar nan:
ta mai tsada ta ce dum, kamar an rufe asusu,
ta mai araha ta ce kwas, kada ta yi wa yayarta rashin kunya.
Haka aka umarce ni.
Na iya gyara ta, aka ce in bari.

Bohuš, tsohon mai walda,
yana cin burodi da albasa a ƙarƙashin layi,
inda motoci ke wucewa ta samansa, ciki a buɗe.
Ya ce, "Ku na sama ke raɗa suna.
Mu nan ƙasa, duk kanwar ja ce."

Ran Lahadi surukina ya zo da sabuwarsa,
ya shafa tambarin da hannun riga,
ya taɓe baki ga ta maƙwabci.
Na san kowane ƙusa a cikin biyun.
Na sha miyar kabeji, na yi shiru.

Da sanyi ya kama, wani ɗan noti ya tsage,
guda ɗaya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Abin da ya ci ta farko bai bar ta uku ba.
Suka dawo, suka jeru a fili cikin dusar ƙanƙara,
mai kujerar fata kusa da mai kujerar yadi,
ƙanƙara ta lulluɓe tambarin kowa,
ni da na zana su ma sai da na share kafin in gane.

Amma akwai abu ɗaya.
A ƙofar ƙaramar, can ƙasa,
na saci wuri, faɗin tafin hannu,
na yi ɗan aljihu, daidai safar hannun tsohuwa.
Taro bakwai na yi ina kare shi.
Babu shi a sauran biyun.

Jiya a bakin kasuwa na ga wata baba
ta tuɓe safarta, ta cusa a wurin ba tare da ta duba ba,
ta ja ƙofa,
ƙofar ta ce kwas,
ta tafi.