Zaure da Cikin Gida

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Cheetham Hill,
ruwan Manchester na tsiyaya kamar ba shi da wurin kwana.
Hajiya Dudu ta kife tukwane, ta bar wuta ɗaya.
Ni ina kan tsani
ina ɗaure wani farin abu a silin.
Ta ce faifai ne. Ban musa ba.

Fitilarsa ta yi ja, ta yi rawaya, ta tsaya a shuɗi.
Na sauko na buɗe kwamfuta
a teburin da har yanzu yake ƙanshin daddawa.

Da farko na sauya makullin da kamfani ya sa,
wanda duk yaro mai waya ya haddace.
Barin sa daidai yake da ka rufe ƙofa
ka rataye mabuɗi a jikinta, ka tafi kasuwa.

Sai na leƙa iska. A cike take maƙil.
Wanzamin Turkiyya ya zaune tasha ta shida,
mai gyaran waya ya riƙe ta ɗaya,
ɗaliban saman bene sun baje ko'ina.
Ta goma sha ɗaya ce kawai ke da wurin shimfiɗa tabarma.
Can na sauke kaya.

Ta ce, me ya sa hanya biyu?
Na ce ɗaya tsohuwa ce, ba ta sauri,
amma tana ratsa bango har ɗakin girki.
Ɗayar zomo ce,
gudu gare ta, bango ɗaya ya ishe ta haki.

Na yi wa baƙi zaure.
Masu cin tuwo su zauna nan su kalli ƙwallo, su kira gida,
kowa da rabonsa a aune,
kada mai dogon hannu ya kwashe miya.
Injin kati, kyamarori, lissafin ciniki,
waɗannan na shigar da su cikin gida,
na ja katanga tsakani, ban bar ko taga ba.

Saura suna da kalmar sirri.
Ta ce na zauren sa abin da ka ga dama.
Na cikin gida kar ka taɓa.
Na ce Hajiya, gajera ce,
sunan gari da shekara, wa zai kasa cinka?
Ta ce ka bar ta.
Shagonta ne. Na bar ta.

Na danna, ya mutu, ya farfaɗo.
Suka fara shigowa kamar kaji da magariba:
injin kati, firinta, talabijin,
kyamarar ƙofa, wayarta,
sai kuma wani, na shida,
Malam Ɗangoggo.

Ban san shi ba. Na kai yatsa zan kore shi,
ta riƙe mini hannu.
Ta jawo aljihun tebur a ƙarƙashin injin kuɗi:
tsohuwar waya, gilashi a tsage,
caji a cike.

Shi ya haɗa na farkon da kansa, in ji ta,
kwana biyu suna faɗa, shi da akwatin.
Bana shekara uku da rasuwarsa.
Duk Juma'a nake sa mata caji.
Kalmar nan kaɗai ta sani,
in ka sauya, a waje za ta kwana.

Ban ce komai ba.
Na ware mata lamba ta dindindin,
wadda ba za a ara wa kowa ba ko shagon ya cika.
A takardar kuɗi na rubuta: na'urori shida, duk suna aiki.

Ta naɗe mini masa huɗu a leda.
Na fito cikin ruwa, wayata tana riƙe da zauren
har bakin tashar bas,
sanda uku, biyu, ɗaya,
kafin ya sake ni.