Injin Baba Sallau

Sau goma sha ɗaya na ja igiyar,
ya yi tari biyu, ya koma barci.
Kogin Kaduna bai tsaya jirana ba.

Na shimfiɗa buhu a gaɓar Kabala,
notoci cikin gwangwanin madara
yadda Baba ke yi,
sifana lamba goma a bakina.
Fulogi ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Na goge shi da gefen riga,
na busa kafireto har ɗacin fetur ya kama harshena.

Ashe ƙwayar yashi ce, ɗaya tak,
ta hana gidanmu kifi.

Ja guda, ya tashi da gurnani.
Noti ɗaya ya rage a gwangwani yana kallona.
Baba ma, Allah ya jiƙansa,
bai taɓa mayar da su duka ba.