Raƙumi Ƙarami

Gawa biyu ce a zauren gidanmu a Garkawa,
baƙaƙe, ciki ya kumbura, baki ya yi farin gishiri.
Ɗaya yara sun maishe ta kujera,
ɗaya tana tokare ƙofa.
Bazara biyu kacal suka yi mini.
Ni ce na manta ban shayar da su ba,
ko kuwa zafin Tawa ne, da ba ya barin ƙarfe ma ya tsufa?

Asumana ya aiko daga Abijan,
gumin wata bakwai na turin amalanke.
"Yaya, sayi batir. Kada allurar Inna ta sake ɗumi."
Sauran maganar, ruwan samansu ya cinye ta a waya.

Na ƙulle a haɓar zane, na hau kabu-kabu.

Ilyasu mai shago ya dafa na farko da ƙafa.
"Mai ruwa ne. Akuya ce, Tsahara.
Ga arha, kuma kowane makaniki ya san ciwonta.
Sai dai tana son leƙe, tana son ruwa,
ba na rijiya ba, na kwalba,
in kuma kika tatse ta ta wuce rabi
za ta riƙe ki a zuci."
Na ce na san danginta,
biyu suna zaure ban yi musu jana'iza ba.

Ya nuna mai jel da haɓa:
ba ya roƙon ruwa, ba ya hura wari a ɗaki,
mai kunya ne, shiru-shiru,
amma watan da kwalta ke narkewa
shi ma kwanansa raguwa yake.

Can a bango wani fari na rataye,
ba ƙura, ba gumi, da ɗan ido kore.
"Litiyom," in ji Ilyasu, ya rage murya.
"Raƙumi ke nan. Ki ɗora masa, ki kai shi nesa,
gobe da hantsi ya cika tozo.
In kin ba shi inuwa, sai ya ga auren Balkisa."
Balkisa yanzu take famfara.
Ya faɗi kuɗin.
Na nemi wurin zama.

A bayan kwalin shayi na yi lissafi.
Firigo, don allura da ƙullin zoɓon da nake sayarwa.
Fanka ɗaya, a kan Inna.
Ƙwan fitila uku.
Talabijin.
Na daɗe ina kallon talabijin ɗin a takarda,
na ga fuskar Gado ranar ƙwallo,
sannan na ja masa layi.

Awaki biyu manya, har da canjin cefane,
ko raƙumi ɗaya, ƙarami, ɗan yaye,
da sabon akwatin caji da ya ce dole ne,
don tsohon bai iya yarensa ba.
Jikka arba'in ta rage tsakanina da shi.
Kwasar adashina sai watan gobe.

Arha ba ta ado, haka Inna ke cewa,
ita da ba ta taɓa sayen tsada ba.

Ilyasu ya buɗe littafin bashi,
ya lashi yatsa, ya rubuta sunana a ƙasan na liman.

Jiya, bayan lisha, kuran ya ɗauke.
Unguwa ta yi tsaki baki ɗaya,
aka fara jan tabarmi zuwa tsakar gida.
Gado yana gidan maƙwabta, yana fushi da ni,
can ma duhu ya tarar da shi.

Na tsaya a ƙofar ɗaki ina saurare.
Fanka ba ta ko yi tuntuɓe ba.
Firigo na gunaguninsa.
Inna ta juya, ta ja mayafi, ta ce wa ya bar sanyi haka.

Ban ce na yi daidai ba tukuna.
Ku tambaye ni bayan bazara biyar.
Ido kore dai yana bango,
ni da shi muna kallon juna.